Yayen Kumatu

Tun a cikin jirgi rigarta ta jiƙe. Ta farka daga ɗan gyangyaɗin da ya ɗauke ta, ta ji sanyi a ƙirji, ta duba ta ga nono ya zubo har ya ratsa rigar waje. Lokacin shayar da ɗanta Kumatu ne ya yi, jikinta kuwa bai san an yi sallama ba. Ta ja mayafi ta rufe, ta juya fuska wajen taga don kada dattijon da ke kusa da ita ya lura.

Malama ce a wata kwalejin aikin gona, tana koyar da ilimin ƙasar noma. Kowa Malama yake ce mata, har mijinta, wanda ya fara da tsokana bakinsa ya saba. Ta daɗe tana neman gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje. Da ya fito karo na farko tana da tsohon ciki, ta roƙa aka ɗaga mata. Da ya sake zagayowa aka ce wannan ne na ƙarshe, kuma ita kaɗai aka yarda ta shiga, ban da yaro. Yaron bai kai shekara ba. Ƙanwarta Auta ce ta laƙaba masa Kumatu, wai kamar an cusa masa lemo a kowane gefe. Malama ta so ta janye shi daga nono a hankali, sai biza ta maƙale har ta fid da rai, ta ci gaba da shayar da abinta. Rana tsaka aka kira ta aka ce ta zo ta karɓi fasfo, karatu har ya fara.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji mahaifiyarta Inna. "Amma tunda haka ya zo, kawo shi. Ku duka ni na raine ku, wannan ba zai gagare ni ba."

Mijinta ma'aikacin hukumar ruwa ne, mutum mai yawan raha. Ranar bai yi raha ba. Ya ce, "Ki tafi, Malama. In kika zauna saboda mu, wata rana za ki kalle mu ki ji haushinmu."

Da safen tafiyar ta ba Kumatu ya sha har barci ya ɗauke shi, ta zare bakinsa a hankali, ta kwantar da shi a gadon Inna, ta fita ba ta waiwaya ba.

Ɗakin da aka ba ta yana can saman wani dogon gini na ɗalibai. Gado ne siriri, da tebur, da kujera, da kabad mai warin sabon fenti. Taga ba ta buɗuwa sai faɗin tafin hannu, kuma ba abin da ake gani ta cikinta sai bangon wurin ajiye motoci. Mai kula da ginin ya nuna mata yadda ake murɗa hita mai ɗumama ɗaki, ya kai ta kicin ɗin da mutanen hawan suke tarayya, ya buɗe firji ya nuna mata layinta. Yana ta magana da sauri yana murmushi. Harshen nan ta karanta shi, ta rubuta jarrabawa da shi ta ci, amma a bakinsa sai ta ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ta yi ta gyaɗa kai har ya tafi.

Ko takalmi ba ta cire ba ta kira gida. Kafin Inna ta ce uffan ta jiyo kukan. Ba kukan rigima ba ne, muryarsa har ta dushe. Nan take ƙirjinta ya ɗaure, nono ya tsinke da zuba.

"Kin isa lafiya?" in ji Inna.

"Inna, me ya same shi?"

"Me zai same shi? Yaye ne. Ya ƙi kwalbar, ya ƙi cokali, amma yunwa za ta koya masa."

"Sa masa wayar a kunne, in yi masa magana."

Inna ta sa. Malama ta kira shi da irin muryar da take tashinsa da ita da safe. Kukan ya tsaya cak. Ta ji numfashinsa, ta ji yana laluben wayar da hannu. Sai kuma ya ƙwala wani ihu da ya fi na farko. Aka yi ta kiciniya, wayar ta faɗi, Inna ta ɗauka.

"Ke ƴar nan, kin ga abin da kika jawo? Da har ya fara lafawa. Daga yau kada ki bari ya ji muryarki sai ya saba. In za ki kira, ki kira Auta ta fita waje."

Kashegari ta nufi aji. Ta ɓata a cikin ginin, ta hau lif ta sauka a inda ba nan ba, ta tuna abin da ake faɗa, baƙo makaho ne ko da idonsa. Da ta samu ɗakin an yi nisa. Farfesan wani siririn tsoho ne mai farin gashi, ya dakata ya yi mata maraba, ya ce ta gabatar da kanta. Ta miƙe ta faɗi aikinta da abin da ta zo karanta. Ɗaliban duk yara ne a kanta, wasu ba su wuce waɗanda take koyarwa ba. Suka yi mata murmushi, kowa ya koma kan na'urarsa.

Farfesan yana bayani kan yadda gishiri ke kashe gonar rani. Abin da ta sani ne, ta koyar da shi, amma kalma ɗaya take kamawa biyu su wuce ta. Ga ƙirjinta ya yi tauri kamar dutse, ko hannu ta ɗaga don rubutu sai ta ji har hammata. Ta daure, ta daure, ta ga ba dama. Ta tashi ta fita, takalminta yana ƙara, duk aji ya bi ta da kallo.

A banɗaki ta jira kowa ya fita, ta tsaya a bakin wurin wanke hannu tana tatsa. Zafi kamar ana tsaga ta da reza. Ta ga farin nono yana bin farin tangaran yana gangarawa cikin rami. Can yaro ya kwana da yunwa, nan ga abincinsa tana zubarwa a magudana. Wata ɗaliba ta turo ƙofa, ta ga abin da ake yi, ta ce a yi haƙuri, ta ja da baya da sauri. Malama ta buɗe famfo ta wanke wurin tas, kamar wadda ta yi ɓarna.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. Rana ba ta daɗewa a garin, kafin ta fito daga aji na ƙarshe gari ya yi duhu-duhu. Ta sayi burodi da ganyen shayi da madara, su take ci in ta tuna. A kicin mutane suna shigowa da abin jin kiɗa a kunne, su ɗaga mata gira, su ɗumama abincinsu su fita. Ba wanda ya yi mata wulaƙanci. Ba kuma wanda ya tambaye ta yadda ta kwana.

Auta ce take ba ta labari, daga bakin ƙofar gida.

"Yaya, ɗan nan naki sarkin taurin kai ne, wallahi ke ya gado. Jiya ya feso wa Inna madara a ido, ta ce ta fasa auren."

"Ya ci wani abu?"

"Ya ɗan taɓa."

"Auta, ɗan taɓa nawa?"

"Yaya, ki kwantar da hankalinki ki yi karatunki. Turo mana hoton dusar ƙanƙara mana."

"Ba ta fara ba."

Mijinta kuma kullum da zolaya. Wai ya dafa abinci da kansa har maƙwabta sun zo jaje. Wai ta yi sauri ta zama dakta ya samu na fariya a ofis. Tana jin yadda yake ƙoƙari, sai ta yi masa dariyar da yake nema.

Ba ta daina tatsa ba. Ta san in ta bari nonon zai ƙafe, kuma wani abu a ranta yana ce mata kada ta bari, ko da za a ce ta dawo. Sai ɓangaren hagu ya kumbura ya yi ja, zazzaɓi ya rufe ta. Ta kwana biyu a ƙarƙashin bargo haƙoranta suna kaɗawa, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Da ta ga za ta mutu a banza ta ja jiki zuwa asibitin makaranta. Likitar, wata mace mai sanyin hannu, ta duba ta, ta rubuta magani, ta tambaya ina jaririn. Malama ta faɗa mata. Likitar ta ajiye biro ta dube ta.

"Akwai wanda kike magana da shi a nan?"

"Ina magana da gida."

"A nan nake nufi."

Malama ta girgiza kai. Likitar ta ba ta lambar wani ofis da ake zuwa a faɗi damuwa. Ta karɓa ta yi godiya. Me za ta je ta ce musu, da wane baki?

A hanyar komawa ta shiga bas. Ta zauna ta jingina kai da gilashi, zazzaɓin bai gama sakinta ba. A tasha ta gaba wata matashiya ta shigo da jariri a keken turawa, ta tsaya daf da ita tana duba waya. Jaririn ya fara ƙananan kuka, ya ƙara, ya ƙara. Uwar tana jijjiga keken da ƙafa, idonta a kan waya. Malama ta ji nono ya sauko. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Sai ganin hannuwanta ta yi a cikin keken, har ta tallafo kan yaron tana cewa, "Yi shiru, yi shiru, ga ni nan," da harshen gida.

Uwar ta ƙwala ƙara ta fizge keken. Ta sunkuya ta rungume ɗanta tana faɗar maganganu da ƙarfi. Wani mutum ya taso ya shiga tsakaninsu ya ware hannu. Direba ya taka birki, ya leƙo ta madubi. Bas ɗin ya yi tsit, kowa ita yake kallo: baƙuwa, idanu jajur, gaban riga a jiƙe. Ta buɗe baki ta yi bayani, duk kalmomin da ta haddace suka gudu. Haƙuri kawai ta iya bayarwa, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Direba ya buɗe ƙofa. Bai ce ta fita ba, amma ta fita.

Ba ta san unguwar ba. Ana yayyafi mai sanyi kamar allura. Ta bi titi da ƙafa, ta wuce shagon gyaran keke, da wurin wankin kaya, da wani kanti da aka jera takalman yara a gilashinsa. A wata rumfar jiran bas ta zauna ta kira Auta, don kawai ta ji muryar da ta san ta.

Auta ta ɗauka, sai Malama ta jiyo ana kiran sunayen mutane da lasifika, da ƙarar gadon da ake turawa.

"Kuna ina?"

"Muna... mun ɗan fito ne."

"Auta, kada ki yi mini ƙarya. Asibiti ne wannan."

Auta ta fashe da kuka. Tun shekaranjiya aka kwantar da Kumatu. Gudawa ce da amai, jikinsa ya bushe, an sa masa ƙarin ruwa. An rasa jijiya a hannu sai a ka aka samu, har an aske masa gefe guda. Baban Kumatu ne ya ce kada wanda ya faɗa mata.

Nan take ta kira mijinta.

"Baban Kumatu, ashe haka za ka yi mini? Jiya kana ba ni labarin girki, ɗana yana kwance da allura a ka?"

"Malama, saurare ni."

"Gobe zan taho. Su riƙe karatunsu."

"Ya samu sauƙi, wallahi ya samu. Yau har ya karɓi cokali. Da na faɗa miki me za ki yi daga can, ban da ki haukace?" Ya yi gyaran murya. "Ga Inna."

Inna ba ta yi sallama ba. "Ke ƴar nan, na ji abin da kika ce. In kin dawo, kin dawo ke nan har abada, ko za ki sake tafiya?"

Kafin Malama ta buɗe baki Inna ta ci gaba.

"To ki ji. Yaron nan ya sha wuya, ya kusa ƙetarewa. In kika zo kika mayar masa da nono a baki, wahalar da ya sha ta tashi a banza. In kuma wata rana zuciyarki ta sake raya miki tafiya, ya sha yaye sau biyu ke nan. Wanda ya shiga kogi ya kai tsakiya ba ya juyawa. Ni ban ce ki tafi ba tun farko, amma tunda kin tafi, ki zauna."

"Inna, ɗana ne."

"Ni ma ai tawa ce ke can, na haƙura."

Duk da haka, da gari ya waye ta haɗa kayanta a akwati. Ta zauna a bakin gado tana kallonsa har lokacin aji ya wuce. Gaba kura, baya sayaki. Daga baya ta tashi ta tafi ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi, ta tambaya ko akwai hanyar da za a kawo mata yaron. Ma'aikaciyar ta ba ta kujera, ta kawo mata ruwa, ta saurare ta har ƙarshe, ta yi magana a hankali yadda za ta gane. Akwai hanya, in ji ta, amma sai ta cika shekara, kuma sai ta samu gidan masu iyali, wanda layinsa ke da tsawo. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ga alama da gaske take. Malama ta shanye ruwan ta fito. Shekara. Yaron da ko tsayuwa bai fara ba, a lokacin yana gudu.

Ba ta buɗe akwatin ba, ba ta kuma sayi tikiti ba. Tana zaro abin da take bukata ta gefe, ta sa, ta je aji ta zauna a baya. An sallami Kumatu. Auta ta ce yana ci kamar gara, gashin yana tsirowa, ya ƙi kowa sai ita, ko banɗaki za ta sai da shi a baya. Kumburin Malama ya sace. Wata safiya ta tatsa, ɗigo kaɗan ya fito, kashegari ko wannan babu.

Ranar wata Lahadi da hantsi wayarta ta yi ƙara, kiran bidiyo ne. Mijinta ne, yana ta washe baki.

"Malama, Inna ta ɗage dokar. Shirya, ga mai gida nan."

Ta gyara ɗankwali da sauri kamar za ta ga baƙo. Hoton ya girgiza, ta ga silin, ta ga labulen ɗakin Inna, sai ga shi a hannun Auta. Ya rame. Kumatun da ake kiransa da su sun zube, wuyansa ya yi tsawo, gefen kansa da ɗan sabon gashi. Ga haƙora biyu a sama da ba ta san da su ba.

"Kumatu," ta ce. "Kumatuna. Ga Mama."

Ya dubi wayar. Ta riƙe numfashi, tana jiran ihun, har ta shirya jin faɗan Inna. Ya ƙura mata ido, irin kallon da yake yi wa mai zuwa gyaran famfo. Ya miƙa hannu ya kamo wayar zai kai baki. Da aka janye, sai ya juya ya cusa fuska a wuyan Auta, yana wasa da ɗan kunnenta.

Ɗakin ya kaure da murna.

"Kin gani?" in ji Inna daga gefe. "Ko ƙwalla bai yi ba. Ya manta sarai. Ba na faɗa miki ba?"

"Yanzu sai ki yi karatu da hujja," in ji mijinta. "Ba sauran damuwa."

"Alhamdu lillahi," in ji Malama. Ta yi murmushi, ta riƙe shi a fuska har suka gama, har aka ce masa ya yi wa Mama bai-bai, Auta ta kama hannunsa ta kaɗa. Da hoton ya ɗauke ta ga fuskarta a baƙin gilashin, murmushin yana nan bai sauka ba.

Ba ta koma gida ba. A satin da ya biyo aka kwashe ƴan ajinsu a motar makaranta zuwa wata gona a bayan gari don ɗibar samfurin ƙasa. Fili ne shimfiɗaɗɗe, an girbe komai, iska tana kaɗawa ba abin da ke tare ta. Aka raba su biyu-biyu. Ita aka haɗa ta da wata yarinya mai jan gashi da yawan surutu, wadda ba ta taɓa riƙe ƙarfen haƙa ba. Malama ta karɓa, ta kafa shi, ta murɗa da ƙarfin kafaɗa yadda ta saba, ta zaro ƙasar ta zuba a leda. Farfesan ya zo wucewa ya tsaya ya duba, ya ce aikin ya yi kyau, ya kira wasu su zo su gani. Da a da ne, da ta kira gida ta ba da labari.

Yarinyar tana riƙe da bakin leda tana ta zuba. Ta tambaye ta ko tana da aure, ta ce e. Ko tana da yara, ta ce ɗaya.

"Kai, amma kina da ƙarfin hali! Ni ko karena na bari kwana biyu sai in kasa barci. Ba ya kewarki?"

Malama ta matsa gaba, ta sake kafa ƙarfen. Ƙasar wurin ta fi tauri, sanyi ya fara kama ta.

"A'a," ta ce. "Yana lafiya."

Ta danna da dukan nauyinta. Yatsunta sun mutu, ba ta jin ƙarfen a hannu. Yarinyar ta ci gaba da labarin karenta, ita kuma ta ci gaba da haƙa, akwai sauran ramuka kafin mota ta dawo.